Had-dis ɗina ya faɗi, kundin mutane na ciki: wa ya taɓa shiga irin wannan?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum. Jama'a ina cikin tashin hankali. Jiya da daddare ina tsakiyar jera muryoyin amshi, yaron da ke taya ni aiki ya zo wucewa, ƙafarsa ta ja wayar had-dis ɗin waje, ma'ajin da nake jonawa da kwamfuta, ya faɗo daga kan tebur yana cikin juyawa. Na ɗauka na mayar, sai ƙara yake yi, ƙas, ƙas, ƙas, kwamfuta ba ta ganin sa. Terabait biyu ne, kuma duk aikin da na yi tun bara yana ciki: waƙoƙin biki, tallace-tallacen rediyo, da kundin wani mawaƙi mai waƙa tara da muka gama ɗauka, saura miksin kawai, wato haɗa sautukan a daidaita su. Ya riga ya biya ni. Abin da ya fi ƙona min rai, wannan had-dis ɗin shi nake kira bakof, wato kwafin ko-ta-kwana. Duk sanda cikin kwamfuta ya cika sai in kwashe in zuba a can, in goge na ciki. Yanzu me zan yi?

Mai Fiyano:
Innalillahi. Allah Ya mayar da alheri, Oga. Na san wannan ƙarar, har yanzu in na ji agogon bango da daddare sai gabana ya faɗi.

Autan Sitidiyo:
Yaya ka naɗe shi a leda ka saka a firiza ya kwana. An ce yana tashi.

Injiniyan Tudun Wada:
Auta, don Allah janye wannan maganar. Ɗan Fagge, kada ka sa shi a firiza, kada ka bubbuga shi, kuma kada ka ƙara jona shi ko sau ɗaya. A cikin had-dis akwai faifai da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti, da wani ɗan hannu mai kai kamar allura da ke shawagi a samansa ba tare da ya taɓa shi ba. Faɗuwar ta sa kan ya daki faifan. Ƙarar da kake ji, hannun ne ke zuwa yana komawa yana neman inda zai fara karatu. Duk jonawar da ka yi, karce faifan kake, wurin da ya karcu kuwa ya tafi ke nan. In ka fito da shi daga firiza raɓa za ta taru a ciki, ka ƙara wa Barno dawaki.

Kuma kada ka kai wa mai gyaran waya ya kwance shi a kan benci. Ƙura ɗaya ta ishe shi, balle ƙurar Kano. Masu wannan aikin na gaske suna da wuri na musamman mai tace iska, suna sauya kan da na wani had-dis irinsa sak. Da tsada, kuma ba wanda zai yi maka rantsuwa cewa komai zai dawo.

Amma bari in faɗa maka mai ɗacin, tunda ƙanena ne kai. Ba ka da bakof tun farko. Ka dai sauya wa kaya ɗaki. Abin da yake wuri ɗaya, ko a cikin kwamfuta ne ko a aljihunka, kwafi ɗaya ne.

Ɗan Fagge:
Na karɓa, Injiniya. Sau shida na jona shi jiya kafin in haƙura. To yaya ya kamata a yi?

Injiniyan Tudun Wada:
Akwai ƙa'idar da masu ajiyar bayanai ke kira 3-2-1. Kwafi uku na kowane aiki, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya daga ciki ba a ginin da kake aiki ba. A wurina: aikin da nake kai yana kan SSD, ma'ajin da ba shi da faifai, na cikin kwamfuta, saboda sauri. Da na tashi aiki sai in jona had-dis na waje in kunna FreeFileSync, kyauta ce, ita ke duba abin da ya sauya ta kwafe shi kaɗai, in cire in sa a durowa. Na uku yana gidan mahaifiyata a Unguwar Sanusi, duk Juma'a in na je gaishe ta sai in kai wanda na cika in ɗauko na can. Mai Mac yana da Time Machine a cikin na'urarsa, ba shi da uzuri.

Wancan na ukun shi mutane ke rainawa. Ku tuna gobarar kasuwar Sabon Gari a 2016, ko ambaliyar Maiduguri a Satumban 2024 da madatsar Alau ta ɓalle. Wanda had-dis ɗinsa biyu ke kan tebur ɗaya, wuta ko ruwa ko ɓarawo ba za su ɗauki ɗaya su bar masa ɗaya ba.

Autan Sitidiyo:
Ni dai komai nawa yana Google Drive. Ba gobara ba ɓarawo.

Mai Fiyano:
Komai naka nawa ne, Auta? Gigabait 15 suke bayarwa kyauta, har da wasiƙunka da hotunanka a ciki. Yi lissafi. Murya ɗaya a WAV, fayil ɗin sautin da ba a matse ba, 48 kilohaz, bit 24, tana cin wajen megabait 8.6 a minti. Waƙa mai minti biyar da layin sauti talatin ta kusa gigabait 1.3, ba a sa ɗaukan da aka yi aka watsar ba. Ka ce biyu zuwa uku kowace waƙa. Waƙa shida ka cika rumbun. Sannan wa zai biya kuɗin datar ɗorawa? Ni da nake yin waƙa huɗu a mako?

Autan Sitidiyo:
Ai MP3 nake ɗorawa.

Mai Fiyano:
To ai ka ajiye hoton tuwo ne, ba tuwon ba. Ranar da mai waƙa ya dawo ya ce a cire sunan wane a sa na wane, ko a rage kiɗa a ɗaga murya, da MP3 za ka yi?

Maman Ilham:
Sannu Ɗan Fagge, Allah Ya kiyaye gaba. Ni ba waƙa nake ɗauka ba, karatun littattafai da shirye-shiryen mata nake yi a ɗan ɗakina, amma ciwon ɗaya ne. Game da intanet, ni na raba abin gida biyu. Ba komai ne ya cancanci data ba. Abin da ba za a iya sake shi ba, wato muryar mutum ɗanya da miksin ƙarshe, shi nake ɗorawa, da daddare in data ta yi araha. Kiɗan ƙasa da ƙananan sautuka suna had-dis. In an mayar da WAV zuwa FLAC yana raguwa kusan rabi kuma ba abin da ke zubewa daga sautin, ba kamar MP3 ba.

Sai dai ni ban yarda in dogara da intanet ita kaɗai ba. A 2019 Myspace suka fito suka ce waƙoƙin da mutane suka ɗora musu daga 2003 zuwa 2015 sun ɓace wajen sauya na'urorin ajiya. An yi maganar waƙa miliyan 50. In su abin ya same su, ni wace ce?

Wani abu kuma da ba wanda ya taɓo: suna. Na taɓa karɓar aiki daga wani sitidiyo, folda cike da "sabo", "sabo 2", "sabo na ƙarshe", "na ƙarshe wallahi". Kwafi goma ba su da amfani in ba ka san wanne ne wanne ba. Ni shekara nake fara sawa, sai wata, sai rana, sai sunan mai aiki. Da kansu suke jeruwa.

Mai Fiyano:
Anti, "na ƙarshe wallahi" ɗin nan kamar daga kwamfutata aka ɗauko shi.

Bari in ƙara wani tarko da ya kama ni da kaina. Masu manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio, ku sani ɗan fayil ɗin nan na .flp ba ya ɗauke da sautin. Takardar kwatance ce kawai, tana cewa gangar nan tana folda kaza, muryar nan tana folda kaza. Shekara guda ina kwafe .flp zuwa filash ina jin ni gwani ne. Da na sauya kwamfuta na buɗe, sai jerin sunayen abubuwan da ba a gani ba. Laifina ne, ban karanta ba. Akwai inda za ka fitar da aikin a dunƙule cikin zif, ya tattaro duk sautukan. Cubase ma yana da hanyar tattara aiki a sabuwar folda, Ableton da Pro Tools haka.

Kuma ko ka tattara, in babu fulogin ɗin, wato ƙaramar manhajar da ka yi kiɗan da ita, shiru za ka ji. Shi ya sa duk waƙar da na gama, sai na fitar da kowane layi daban a WAV, duka daga farkon waƙa, ko da goge sai a minti na uku yake shigowa. Murya kuma biyu, ɗanya da wadda aka yi wa kwalliya. In sa ɗan rubutu: saurin kiɗa kaza, maki kaza. Wannan ko bayan shekara ashirin, kowace manhaja za ta buɗe shi.

Injiniyan Tudun Wada:
Tunda an zo maganar fulogin, mu faɗa wa juna gaskiya, rabin gidan nan da fasassun manhajoji muke aiki. Ba wa'azi zan yi ba, na san farashin dala. Amma akwai bairos mai suna STOP ko Djvu, ta cikin irin waɗannan fasassun yake yawan shigowa. Yana kulle duk fayilolinka, ya sauya musu wutsiyar suna, ya bar maka takarda cewa ka biya kuɗin fansa. Kuma duk had-dis ɗin da ya tarar a jone, har shi. Folda mai haɗe da intanet ma za ta kwashi kullallun ta ɗora a kan masu kyau, sai dai ka bi tsofaffin kwafi in suna nan. Wannan ne dalilin da na ce a cire a sa a durowa. Wanda ba a jone ba, bairos bai san da shi ba, tsawa ma haka.

Masu akwatin nan mai had-dis biyu da ke kwafar juna, RAID, kada ku saki jiki. Yana ceton ka in ɗaya ya mutu. In ka goge abu bisa kuskure, a duka biyun ya gogu a lokaci guda.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum mutanen Najeriya. Kuna ta batun fayil, ku taɓo kayan aiki mana. Mu nan kuran, wato wutar lantarki, shi ne babban ciwo. Lokacin da anka yanke muna wuta daga wajenku cikin watan Agusta na 2023 munka san haka da kyau. Ina da gurup, wanda kuke ce ma janareta, amma kafin a tada shi ordinatar, wato kwamfuta, ta mutu, abin da anka ɗauka ya tafi, wani lokaci fayil ɗin ma ya lalace. Sai na sayi UPS, minti goma kawai yake ba ni, ya isa in adana in kashe. Yanzu ina da sola da batir.

Shawarata ga mai sayen inbata, ya nemi mai tsabtatacciyar wuta, wadda ake ce ma fiyo sayin. Mai arahar nan tana sa sifika kuka, zzzz, har cikin abin da ka ɗauka.

Injiniyan Tudun Wada:
Gaskiyarka, mutumin Katsinar Maraɗi. Mu ma mun ɗanɗana a Oktoban 2024, Arewa ta yi fiye da mako a duhu. Kuma ba ɗaukewar ce ta fi kashe kaya ba, dawowar ce. In an ɗauke, kashe makunnin bango, bari ta dawo ta zauna tukuna.

Safaya kuwa, ba sai ka sayi komai biyu ba. Tambayi kanka: mene ne in ya mutu yanzu, mawaƙi na tsaye a gaban makirfo, aiki ya tsaya? Sawun-kad na farko, akwatin da ke haɗa makirfo da kwamfuta. Ka samu ƙarami ko na hannu ne ka ajiye, ka sa direbansa, manhajar da ke tafiyar da shi, a kwamfuta tun yau, ba ranar da ido ya raina fata ba. Sai wayoyi, XLR na makirfo biyu da USB biyu, su suka fi komai mutuwa kuma su suka fi araha. Hedifon ɗaya. Cajar laftof. Makirfo kuwa ka ajiye irin Shure SM58, ba ya buƙatar wutar nan ta bolt 48 da sawun-kad ke ba wasu makirfo, ba ruwansa da laima. Makirfon kondensa, mai buƙatar wutar, da damina yakan fara tsatsa yana fitar da ƙara, ka riƙa sa shi a akwatinsa da 'yan ƙullin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin takalmi.

Mai iLok kuma ya san ɗan makullin nan na USB shi ne lasisin manhajojinsa gaba ɗaya. Kada ya bar shi a jikin laftof yana yawo a Adaidaita.

Autan Sitidiyo:
To in na sayi SSD na waje fa? An ce ba ya lalacewa ko ya faɗi.

Injiniyan Tudun Wada:
Ba abin da ke juyawa a cikinsa, don haka faɗuwa ba ta cika yi masa illa ba. Don aiki da tafiye-tafiye ya fi. Amma shi ba ya yin ƙas-ƙas ya gargaɗe ka, rana ɗaya sai ka ga babu shi, kuma ceto daga cikinsa ya fi wuya. Sannan caji yake riƙewa a ƙwayoyinsa, in ka jefa shi a durowa shekara da shekaru ba wuta, ga zafinmu na Afrilu, yana iya fara mantuwa. Ajiya mai tsawo, had-dis mai faifai ya fi araha. Ka sa CrystalDiskInfo ka riƙa duba lafiyarsa, in ya nuna ruwan ɗorawa ka kwashe kayanka.

Filash da memori kuma akwai jabu da yawa. A rubuta gigabait 128, cikinsa 8 ne, yana karɓa yana taka na baya. Gwada shi da H2testw kafin ka ba shi amana.

Tsohon Rediyo:
'Ya'yana, ina ta karanta ku. Na yi shekaru ina aiki da tef mai faifai biyu kafin a haifi wasunku. Mu matsalarmu ba faɗuwa ba ce, rashin tef ne. Sai a ɗauko wanda aka naɗi wani babban makaɗi a kai, a goge, a ɗauki sanarwa. Da hannuna na yi, an ba ni umarni. Makaɗan sun rasu, 'yan amshinsu sun rasu. Wasu tef ɗin da suka tsira kuma danshi ya sa sun manne, sai an gasa su a hankali kafin su karantu sau ɗaya.

Kada ku ɗauka sakacinmu ne mu kaɗai. A Yunin 2008 gobara ta tashi a harabar Universal a Amurka, ta cinye ɗakin da aka tara ainihin tef na mawaƙa masu ɗimbin yawa, kuma sai a 2019 duniya ta san girman asarar. Abin da nake so ku gane, ku yanzu kuna ganin waƙar biki ce kawai, an biya an wuce. Mu ma haka muka gani a lokacin.

Tambaya ɗaya gare ka, Injiniya. Wancan had-dis na gidan mahaifiyarka, yaushe rabon da ka buɗe waƙa daga cikinsa ka saurara har ƙarshe?

Injiniyan Tudun Wada:
Baba kun kama ni. Ina ganin fayilolin suna shiga, amma in buɗe aiki daga can in kunna, ya fi wata shida. Yau zan yi in sha Allah.

Zabiyar Zamani:
Ku yi haƙuri in shigo, ni mawaƙiya ce, ba mai sitidiyo ba. Duk kuna ta jajanta wa Ɗan Fagge, ba wanda ya ce komai kan mai waƙa tara. Ya biya kuɗin ɗauka, ya biya 'yan amshi, wataƙila ya ci bashi. Ni an taɓa yi min haka a wani wuri, aka ce min "ƙaddara ce, Hajiya". Na yarda da ƙaddara, amma kuɗina fa? Wa zai biya sake ɗauka?

Mai Fiyano:
Hajiya, a yi mana adalci. Kuɗin da kuke biya na ɗauka ne da miksin. Ba wanda ya taɓa ba ni ko sisi na ajiya. Wani sai bayan shekara uku ya dawo ya ce ina waƙata. Ni banki ne? Had-dis kyauta ake rabawa a Beirut Road?

Zabiyar Zamani:
Wanda ya dawo bayan shekara uku daban. Wannan ba a ma miƙa masa aikin ba. Yana hannunku.

Malam Na Ƙofar Mata:
Maganar Hajiya tana da tushe. A fiƙihun Malikiyya an bambanta biyu. Wanda aka ba ajiya don Allah amintacce ne, in ta salwanta ba da sakacinsa ba, ba ya biya. Amma mai sana'a da ya karɓi kayan mutane ya shige da su wurin aikinsa, kamar tela ko marini, yana lamunin abin da ya ɓace a hannunsa, sai in akwai shaidar cewa ba shi da hannu. Yana cikin Risala. An yi haka ne don kada dukiyar mutane ta zama abin wasa. Yadda za a ɗora wannan a kan sautin da ke cikin na'ura, a zauna da malamin da zai ji ɓangare biyu. Ni dai a ganina, kafin a miƙa aiki, mai sitidiyo ya fi kama da tela. Bayan an miƙa, in ya ci gaba da riƙewa, alfarma ce.

Maman Ilham:
Shi ya sa ni nake rubutawa a rasit: ina riƙe aiki wata shida bayan miƙawa, wanda ke son fiye da haka ya ƙara wani abu. Kuma ranar karɓa kowa ya zo da filash ɗinsa in zuba masa layukansa. In ba filash, in tura masa ta Telegram a matsayin fayil, yana ɗaukar har gigabait 2. Kun ga shi ma ya zama ɗaya daga cikin wuraren ajiyata.

Mai Fiyano:
Anti, a nan ne ba zan bi ki ba. In ba shi layuka daban-daban, gobe ya kai wa wani yaro ya cire muryarsa ya ɗora wata a kan kiɗana, ko sunana ba za a ambata ba. Na ga an yi. Muryarsa tasa ce, zan ba shi. Kiɗan sai dai a dunƙule.

Zabiyar Zamani:
Kiɗan da na biya?

Mai Fiyano:
Kin biya na waƙa ɗaya, Hajiya, ba na biyar ba.

Tsohon Rediyo:
Wannan ku rubuta shi a takarda kafin a kunna makirfo, ba bayan an ɓata ba. Ɗan Fagge, ka kira mai kundin?

Ɗan Fagge:
Na kira shi, Baba, bayan na karanta maganar Hajiya da ta Malam. Na so in ɓoye sai na ga abin da hali zai yi, amma na faɗa masa komai. Ya yi shiru ya fi minti guda. Mun tsaya a kan in an ceto, ni zan biya kuɗin ceton. In ba a ceto ba, in sake ɗauka kyauta, kuɗin 'yan amshi mu raba biyu.

Na kuma bi shawarar duba ko'ina. Waƙa uku na same su a kwandon sharar kwamfuta, ashe ban zubar ba. Biyu kuma na taɓa tura wa wani abokina a Jos layukansu don ya sa min jita, ya ce suna nan. Saura huɗu, har da wadda wani dattijo mai kukuma ya zo daga ƙauye ya yi mana, kuma yanzu ba shi da lafiya sosai. Had-dis ɗin na naɗe shi a tawul, gobe wani ɗan uwana zai tafi da shi Legas.

Injiniyan Tudun Wada:
Ya sa shi a jakar hannu, ba a but ba. Kuma su faɗa maka farashi da jerin abin da suka gani kafin ka tura ko kwabo.

Baba, na je na ɗauko na gidan mahaifiyata na gwada. Aiki goma na buɗe, tara sun tashi lafiya. Na goman babu muryoyin amshi, ashe a kan fuskar kwamfuta na ajiye su ranar, ita kuma ba ta cikin foldar da ake kwafewa. Suna nan a SSD, na mayar da su wurinsu. Bari in bi sauran.

Autan Sitidiyo:
Yaya Injiniya, FreeFileSync ɗin nan, kibiyar hagu ake dannawa ko ta dama? Kada in je in kwafe wanda babu komai a kan mai kayan.

Injiniyan Tudun Wada:
Kada ka danna komai. Turo min hoton fuskar tukuna.